GISHIRI DA KANWA: WANE NE KE RIGA FITA DAGA RUWA?

Hausawa sun ce, gishiri na yi wa man kaɗanya dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Duk wanda ya taɓa yin damina a nan Gombe ya san gaskiyar wannan magana. Cikin watan Agusta, ko ba a bar gishiri a waje ba, sai ka ga ya yi danshi cikin kwano, har ya fara tsattsafo da ruwa. Da hunturu ya shigo kuwa, ga shi nan garau, yana zuba kamar rairayi. Ba wanda ya zuba masa ruwa, ba kuma wanda ya shanya shi. To, me ya faru?

Ga wata tambaya kuma. In ka shiga babbar kasuwa ka je wurin masu kanwa, za ka tarad da ungurnu, da jar kanwa, da farar kanwa, can gefe kuma ga masu gishiri. Dukansu daga ruwan da ya ƙafe su ka fito. Me ya sa wani tabki in ya ƙafe ya kan bar gishiri, wani kuwa ya bar kanwa?

Tambayoyin nan biyu amsarsu guda ce. Ruwa yana da iyakar abin da zai iya ɗauka na ko wane irin gishiri. Iyakar nan kuwa tana canjawa bisa ga zafi, da kuma bisa ga sauran abubuwan da ke narke tare da shi. Wanda ya iya lissafa iyakar nan, ya iya faɗin abin da zai fito daga ko wane ruwa tun kafin ya ƙafe. Ilmin da a ke yin wannan lissafi da shi, shi ne ilmin zafi da ƙarfi, wanda Turawa ke kira tamodainamik. Ku lura, cikin darasin nan in an ce "gishiri" ba na miya kaɗai a ke nufi ba. Wurin masana kimiyya kanwa ma gishiri ce, haka jibsam da a ke haƙowa wajen Nafada, haka ma farin ɓawon nan da ke kama gindin sintalin mai shayi.

RUWA YA KAN ƘOSHI

Ka ɗebi ruwa giram 100 cikin kofin gilashi. Ka riƙa zuba gishirin miya da ƙaramin cokalin shayi, ba tozo, kana motsawa. Na fari ya ɓace, na biyu ya ɓace. Wajen na shida sai ka ga yana jan jiki. Na bakwai kuwa, ko ka wuni kana motsawa, yana nan kwance a gindin kofi. Sai mu ce ruwan ya ƙoshi. In an auna, abin da ya narke kamar giram 36 ne.

Ina gishirin da ya narke ya tafi? A shekarar 1887 wani masani na ƙasar Suwidin, sunansa Arrhenius, ya bayyana cewa gishiri in ya shiga ruwa rabuwa ya ke yi gida biyu, ya zama ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, waɗanda a ke kira ayon. Gishirin miya ya kan rabu ya ba da ayon na sodiyam da ayon na kulorayid. Lantarkinsu kishiyar juna ne, sabo da haka suna jan juna, ruwa ne ke shiga tsakani ya raba su. Shi ya sa ruwan gishiri ke ɗaukar wutar lantarki, ruwan sukari kuwa ba ya ɗauka.

Kada ku zaci gishirin da ke gindin kofi barci ya ke yi. A ko wane lokaci waɗansu ƙwayoyi suna barinsa suna shiga ruwa, waɗansu kuma suna barin ruwa suna komowa. Kamar ƙofar kasuwa ce da tsakar rana: in masu shiga da masu fita sun zo daidai, yawan mutanen ciki ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, ko da ya ke ƙofa ba ta huta ba. An yi kunnen doki ke nan. Wannan shi a ke kira daidaito.

Ilmin zafi da ƙarfi ya ba da dalilinsa. Yadda ruwa ke barin tudu ya nemi gangare, haka ko wane sinadari ke da abin da za mu kira ɗokin ƙaura. Ya kan bar inda ɗokinsa ya yi yawa ya koma inda ya yi kaɗan. Ruwa maras gishiri gangare ne ga gishiri. Yayin da gishiri ke taruwa a ciki, gangaren yana cikowa, har ɗokin na cikin ruwa ya zo daidai da ɗokin na gindin kofi. Daga nan ba sauran riba ga ƙaura.

ZAFI BA YA YI WA KOWA DAIDAI

Yawancin mutane sun ɗauka ruwan zafi ya fi narkar da kome. Ga abin da giram 100 na ruwa ke ɗauka, a digiri 0, da digiri 20, da digiri 30:

Gishirin miya: giram 36, da 36, da 36.
Sodiyam kabonet: giram 7, da 22, da 40.
Sodiyam bayikabonet: giram 7, da 10, da 11.
Sodiyam salfet: giram 5, da 19, da 41.

Ku dubi layin farko. Gishirin miya bai kula da zafi ba, ko an tafasa ruwan bai wuce giram 39 ba. Na biyu da na uku su ne ainihin kayan cikin kanwa. Na huɗu shi ne mafi yawa cikin gwangwarasa, wadda majema ke aiki da ita. Na biyu da na huɗu, sanyi kaɗan ya isa ya kore su daga ruwa. Sabo da haka in ruwa yana ɗauke da gishirin miya da salfet tare, sanyin daren hunturu ya kan fid da salfet ya bar gishiri, zafin bazara kuwa ya kan riƙe salfet cikin ruwa har gishiri ya samu fita. Akwai kuma masu baya da baya, irin su kalsiyam kabonet, watau sinadarin dutsen da a ke yin siminti da shi a Ashaka. Shi zafi ne ke korarsa daga ruwa.

DOKAR GIBBS

Tsakanin 1875 da 1878 wani malami a Jami'ar Yale ta Amurka, Willard Gibbs, ya fito da wata gajeruwar doka wadda ta zama ginshiƙin wannan ilmi. Kafin mu faɗe ta, sai mu san kalmomi uku.

Hali shi ne ko wane ɓangare da ya ke iri ɗaya ko ina, ya kuma rabu da saura. Ruwan gishiri hali ɗaya ne. Tururin da ke bisansa hali ne. Ko wane irin daskararren gishiri da ke ƙasa, shi ma halin kansa ne. Sinadarai su ne abubuwan da a ka haɗa, misali ruwa da gishiri, biyu ke nan. 'Yanci kuwa shi ne yawan abubuwan da kai za ka iya zaɓa da kanka, kamar zafi ko kauri, ba tare da wani hali ya ɓace ba. Dokar ta ce:

'yanci = sinadarai − halaye + 2

Mu gwada ta cikin kwalbar da a ka toshe. In ruwan gishiri ne da tururinsa, halaye biyu, 'yanci shi ne 2 − 2 + 2, watau biyu. Kana iya zaɓen zafi, kana iya zaɓen kauri. In ka ƙara gishiri har ya kwanta a ƙasa, halaye sun zama uku, 'yanci ya koma ɗaya. Da ka zaɓi zafi, shi ke nan, kaurin ruwan ya tsaya wuri ɗaya, laimar iskar da ke bisansa ita ma ta tsaya wuri ɗaya. An auna laimar nan, an samu kashi 75 cikin ɗari ce a irin zafin ɗakunanmu.

Ga amsar tambayarmu ta farko. In laimar iska ta wuce kashi 75, kamar yadda ta kan yi da tsakiyar damina, ɗokin ruwan da ke cikin iska ya fi na ruwan gishiri, sai gishiri ya yi ta tsotso shi yana narkewa. In ta yi ƙasa da haka, kamar da hunturu, sai ruwan ya koma iska, gishiri ya bushe. Ashe kunyar gishiri tana da lamba.

In halaye sun kai huɗu, 'yanci ya ƙare, sai a zafi guda tak za su iya zama tare. Sodiyam salfet yana da daskararru iri biyu, ɗaya mai ɗauke da ƙwayoyin ruwa goma a jikinsa, ɗaya busasshe. Ba su zama tare da ruwansu da tururinsu sai a digiri 32.4. Ƙasa da haka mai ruwa ne ke fita, sama da haka busasshen ne.

TSEREN FITA DAGA RUWA

Ruwan tabki ko na teku ba gishiri ɗaya ke cikinsa ba, taro ne. Sa'ad da rana ke shan ruwan, duk wanda ya riga kai iyakarsa shi ke riga fita. A shekarar 1849 wani masani mai suna Usiglio ya ɗebi ruwan Bahar Rum a gaɓar Faransa, ya bar shi yana ƙafewa, yana auna abin da ke kwantawa. Ruwan teku yana da kamar giram 35 na gishiri iri iri cikin ko wane kilo. Da ya ragu wajen rabi, kalsiyam kabonet ya fita. Da ya ragu saura kamar kashi ɗaya cikin biyar, jibsam ya fita. Gishirin miya bai fara fita ba sai da ya rage kashi ɗaya cikin goma. Masu ɗaci, na magnisiyam da fotasiyam, su ne 'yan auta, sai can da ruwan ya kusa ƙarewa.

Mutanen ƙasashenmu sun daɗe da sanin wannan jeri da hannu da harshe. A Bilma, wadda Hausawa ke kira Balma, ramummuka a ke haƙawa, ruwan ƙasa ya tsattsafo, rana ta yi ta shansa. In ɓawon gishiri ya rufe fuskar ruwa sai a fasa shi ya nutse, domin ƙafewa ta ci gaba. Tsabar da ta fi tsarki ita ce beza, ta miya. Wanda ya gauraya da ƙasa da waɗansu gishirin a kan cusa shi cikin mazubi na kututturen dabino ya zama kantu, na dabbobi. Ayarin Buzaye ke ɗaukarsu su ƙetare hamada zuwa Agadas, daga nan su gangaro ƙasar Hausa. Da irin ayarin nan ne Bature Barth ya biyo daga Azbin a ƙarshen 1850, ya shiga Kano a farkon 1851. A ƙasar Manga kuwa, da kwarin Foga kusa da Gaya ta Nijar, da Keana ta jihar Nasarawa, ƙasa mai gishiri a ke tatawa da ruwa, sa'an nan a dafa ruwan bisa wuta har gishiri ya fito.

To, ina kanwa cikin jerin Usiglio? Babu ita. Ruwan teku ba ya ba da kanwa ko kaɗan. Waɗansu masana biyu na Jami'ar Johns Hopkins, Hardie da Eugster, su ne su ka bayyana dalili a 1970. Sun ce a farkon tseren akwai mararraba. Kalsiyam kabonet shi ke riga fita, kuma in zai fita, kalsiyam ɗaya da kabonet ɗaya su ke tafiya tare. Kamar mahaya goma ne da dawaki bakwai: bakwai za su hau su tafi, a bar mutum uku a ƙasa ba doki. In dawakin ne su ka fi yawa, dawaki za a bari. A ruwan teku kalsiyam ya fi yawa, sai kabonet ya ƙare, ragowar kalsiyam ya haɗu da salfet ya zama jibsam. A ruwan da kabonet ya fi yawa kuwa, kalsiyam ne ke ƙarewa, kabonet ya yi ta taruwa ba abokin tafiya, har can ƙarshe ya haɗu da sodiyam. Ita ce kanwa.

Irin na biyun nan shi ne ruwan Tabkin Cadi. Kogin Shari, wanda ke kawo mafi yawan ruwan tabkin, ruwan daɗi ne, amma bayikabonet na cikinsa ya rinjayi kalsiyam. Tabkin ba shi da kogin da ke fita daga cikinsa, duk da haka bai zama na gishiri ba, gama wani sashe na ruwansa yana zurarewa ta ƙarƙashin ƙasa. Cikin kwaruruwan da ke tsakanin tuddan rairayi na ƙasar Kanem, arewa maso gabas da tabkin, ruwan ƙasa yana kusa da sama, rana ta shanye shi, ya bar kanwa. A da daga can a ka saba sarota falle falle, Buduma su ƙetaro da ita cikin jirage zuwa Baga, fatake su watsa ta Barno da ƙasar Hausa har kudu. Wani masani Bafaranshe, Maglione, ya yi shekaru yana auna ruwan kwaruruwan nan, a 1979 kuma shi da Eugster su ka buga bayaninsu. Ainihin dutsen kanwa masana suna kiransa tirona, haɗin sodiyam kabonet ne da bayikabonet da ruwa. Da Turanci mutane sun saba ce mata fotash, amma kuskure ne, fotasiyam na cikinta kaɗan ne ƙwarai.

INDA LISSAFIN YARA YA ƘI

Mai karatu zai ce, ai abin da sauƙi, tun da an san iyakar ko wane gishiri, sai a duba jadawali kawai. Ina! Jadawalin da mu ka bayar na gishiri ne shi kaɗai cikin ruwa. Da an haɗa su sai lambobin su rushe. In ruwa ya riga ya ƙoshi da gishirin miya, kanwar da zai ɗauka ta ragu da yawa, domin dukansu suna da sodiyam. Jibsam kuwa akasin haka ya ke yi. Lita guda ta ruwan daɗi ba ta ɗaukar abin da ya wuce giram biyu da ɗan kai, amma in an zuba gishirin miya daidai gwargwado sai ta ɗauki wajen ninki uku. Har digiri 32.4 ɗin nan na salfet, cikin ruwan da ya ƙoshi da gishirin miya ya kan sauko wajen digiri 18.

Dalili shi ne, ɗokin ƙaura ba yawan ƙwayoyi kaɗai ya ke bi ba, yana bin kuzarinsu. Mutum ɗaya a filin ƙwallo yana gudu yadda ya so. Shi ɗin dai ran kasuwa, wannan ya tare shi, wancan ya riƙe masa riga. Haka ayon ya ke. Ko wane ɗaya kishiyoyinsa suna kewaye da shi suna jansa, sai aikinsa ya kasa ƙidayarsa. G. N. Lewis na Amurka ne ya shigo da wannan ma'auni na kuzari a 1907. An auna na gishirin miya. In giram 6 ne cikin lita, ko wane ɗari suna aikin 78. In giram 58 ne, suna aikin 66. Abin mamaki, in an ci gaba da ƙarawa sai kuzarin ya juyo ya hau, har wajen ƙoshi ɗari su koma aikin ɗari. Gama ko wane ayon ya kan riƙe ƙwayoyin ruwa a jikinsa, a wajen ƙoshi kuwa ƙwayoyin ruwa tara ne kacal ga ko wane sodiyam da kulorayid ɗinsa. Ruwan da ya rage sake ya yi kaɗan, cunkoso ya sa kowa na neman hanyar fita.

Aikin masana na shekara ɗari da wani abu shi ne neman lissafin da zai kwatanta wannan kuzari. Van 't Hoff, mutumin Holan wanda ya fara samun kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1901, ya bi hanyar gwaji. Shi da almajiransa a Balin sun yi fiye da shekara goma, har 1908, suna haɗa gishirin teku iri iri suna aunawa, domin su gane yadda gishirin ma'adinan Stassfurt na Jamus ya jeru. Aiki ne mai kyau, amma ba shi yiwuwa a gwada ko wane ruwa na duniya ɗaya ɗaya.

A 1923 Debye da Hückel su ka fito da lissafin farko na jan da ayon ke yi wa juna. Yana faɗin gaskiya sarai, amma sai ga ruwa mai tsinkakken gishiri, kamar rabin giram cikin lita. Ruwan ramin Bilma kuwa ya fi haka kauri ɗaruruwan ninki. Sai a 1973 Kenneth Pitzer na Jami'ar Kalifoniya ya ɗauki lissafinsu ya yi masa ƙari. Ya sa wa ko wane ayon biyu lambobin da ke nuna yadda su ke yi in sun gamu kusa da kusa, haka kuma ko wane uku. Lambobin nan daga gwaji mai sauƙi a ke samo su, na gishiri ɗaya ko biyu cikin ruwa, sa'an nan a yi aiki da su ga ruwa mai gishiri goma. A 1980 da 1984 Harvie da Weare da Møller su ka tara lambobin manyan ayon na ruwan duniya, su ka lissafa ƙafewar ruwan teku, jerin da ya fito kuwa ya dace da abin da a ka tarar cikin ma'adinai. Yau lissafin nan yana cikin manhajar kwamfuta mai suna PHREEQC, wadda hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fitar a 1995, kyauta a ke samunta. Ka ba ta awon ruwanka, ta faɗa maka gishirin da ya ƙoshi, da wanda zai fita in an ƙafar da rabi.

Amma fa a yi hattara. Lissafin yana faɗin inda ruwa zai tsaya ne in an ba shi lokaci, ba ya faɗin yaushe. Wani lokaci ruwa ya kan wuce iyakarsa ya daɗe bai saki kome ba, sai ƙura ko ƙwayar gishiri ta faɗa ciki. In kuma awon da ka ba kwamfuta na ƙarya ne, abin da ka shuka shi za ka girba.

INA RUWANMU DA WANNAN A GOMBE?

Ruwanmu ne ƙwarai, ta hanya huɗu.

Na fari, ɓawon sintali. Ruwan rijiya da ya ratsa duwatsu masu kalsiyam yana ɗauke da kalsiyam bayikabonet. In an tafasa shi, iskar da ke riƙe da shi ta gudu, sai kalsiyam kabonet ya kwanta. Abin da ke toshe bututun famfo da tukunyar injin ke nan, kalsiyam ɗin da ke narke cikin ruwa kuwa shi ke hana sabulu kumfa.

Na biyu, haƙoran yara. A wajen Kaltungo an daɗe da sanin ruwan waɗansu rijiyoyi yana da fulorayid fiye da kima, yara da yawa haƙoransu sun yi tabo ja ja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka miligiram 1.5 cikin lita. Daga duwatsu fulorayid ke fitowa, mai taka masa birki kuwa shi ne kalsiyam, domin in sun haɗu su kan daskare su fita daga ruwa. Ruwan da ya bi hanyar kanwa a mararrabar nan ya rasa kalsiyam, sai fulorayid ya samu sake. Ku gaya wa iyayen yara, tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fid da fulorayid. Ruwa ne ke tashi tururi, shi yana nan, ƙara kauri ma ya ke yi.

Na uku, noman rani. A ce manomi a Dadin Kowa yana ban ruwa da ruwa mai rabin giram na gishiri cikin lita, wanda ko a baki ba a ji. In cikin rani guda ya zuba wa hekta ɗaya ruwa mai zurfin mita ɗaya, lita miliyan goma ke nan, gishirin ciki tan biyar. Rana da shuka su shanye ruwan, su bar gishirin. Gonarsa ta zama ƙaramar Bilma, sai fa in akwai magudanar da za ta wanke shi ƙasa. In kuwa ruwan mai bin hanyar kanwa ne, ƙasa ta kan daddaƙe ta ƙi shan ruwa. Maganinta jibsam, domin ya mayar mata da kalsiyam.

Na huɗu, cikinmu. Kanwa da gishiri ta wajen sodiyam duk kanwar ja ce. Cikin shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun bincika ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, su ka danganta shi da yawan shan kunun kanwa tare da zafin wankan jego. Wanda likita ya hana wa gishiri, kada ya ce ai kanwa dabam ce.

GWAJI DON AJI

Ku malaman gobe, kada ku ce sai da ɗakin gwaji za ku koyad da wannan. Ga abin da za ku iya yi a ko wace makarantar ƙauye. Ku dai hana yara ɗanɗana kome.

1. Ku sa yara su ƙidaya cokalin gishirin da rabin ƙaramin kofi na ruwa zai ɗauka kafin ya ƙoshi. Ku sake da ruwan ɗumi. Sa'an nan ku yi haka da dakakkiyar kanwa, su gwada bambanci.
2. Ku saka ɗanyen ƙwai cikin ruwan daɗi, zai nutse. Ku saka shi cikin ƙosasshen ruwan gishiri, zai taso.
3. Ku narkar da gishiri da kanwa dabam dabam, ku tace da tsumma, ku zuba cikin faranti biyu ku aje a inuwa su ƙafe a hankali. Tsabar gishiri mai kusurwa huɗu ce kamar ɗan akwati, ta kanwa ba haka ta ke ba. Faranti na uku ku haɗa su, yara su duba kullum su rubuta abin da su ka gani.
4. Ku matsa lemun tsami bisa kanwa, da bisa ɓawon sintali, da bisa gishiri. Biyu za su yi kumfa, ɗaya ba zai yi ba. Kumfar nan shaidar kabonet ce, ita ce kuma asalin maganar nan, kanwa ta kar tsami.
5. Ku aje gishiri a buɗe cikin aji, yara su rubuta halinsa ko wace Litinin daga Yuli har Disamba.

TAMBAYOYI

1. Me a ke nufi da ruwa ya ƙoshi? Don me mu ka ce gishirin gindin kofi ba barci ya ke yi ba?
2. Kwalba a toshe tana da ruwa, da gishirin miya, da sodiyam salfet, dukansu biyu sun kwanta a ƙasa, ga tururi a sama. Sinadarai nawa, halaye nawa, 'yanci nawa?
3. Bayyana dalilin da ya sa ruwan teku ke ba da jibsam, na Kanem kuwa kanwa.
4. Lambu mai rabin hekta ya sha ruwa zurfin mita ɗaya, ruwan yana da giram ɗaya na gishiri cikin lita. Tan nawa ya bari?
5. Me ya hana lissafin Debye da Hückel aiki ga ruwan ramin Bilma, me kuma Pitzer ya ƙara?

Wanda ya amsa biyar ɗin nan ba tare da ya leƙa baya ba, darasi ya zauna. In an tafi hutu, ko wannenku ya tambayi tsofaffin garinsu wace rijiya ce ke hana sabulu kumfa, wace ce ke dafa wake da sauri, wace fadama ce ke yin fari da rani. Ku rubuto amsoshin ku kawo, mu gwada su da abin da mu ka karanta.